Daga Kuturta zuwa Bilicin: Tarihin Kula da Cututtukan Fata da Gashi a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Fata ita ce sashen jikin ɗan'adam da ba ya ɓoyuwa. Mai ciwon ciki ko ciwon ƙirji yana iya shiga kasuwa ya fito ba wanda ya san halin da yake ciki, amma wanda ciwonsa ya fito a fuska ko a ka, to jama'a kan riga boka da likita yanke masa hukunci. Wannan ne ya sa tarihin cututtukan fata a ƙasar Hausa bai tsaya ga magani kaɗai ba, ya shafi aure da shari'a da sarauta da bara da kuma ado.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda Hausawa suka kula da waɗannan cututtuka tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Abin da za ta nuna shi ne, hukumomi, na Turawa da na 'yan ƙasa, sun mayar da ƙarfinsu ga manyan cututtuka biyu, wato kuturta da agana, kuma sun ci nasara a kansu gwargwado, amma ƙananan cututtukan da suka fi yawa a cikin gidaje an bar su a hannun uwa da wanzami da makitsiya. Da zamani ya juya, sai kasuwa ta karɓe su daga hannun waɗannan mutane, ta kuma ƙaro wasu sababbi.

2.0 Yadda Bahaushe ya Kasa Cututtukan Fata

Duk wanda ya duba ƙamusun Bargery na 1934 zai ga cewa Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fanni. Akwai ƙazuwa da makero da ƙyasbi da kirci da maruru da gyambo da tautau, akwai kaushi da faso da ke addabar ƙafa a lokacin hunturu, sannan a ka akwai ƙwarƙwata da amosani da sanƙo. Yawan sunayen shaida ce ta cewa an daɗe ana lura, ana kuma bambance wannan daga wancan ta fuskar kama da wuri da lokacin fitowa.

Sai dai idan aka yi la'akari da yadda ake amfani da kalmomin, za a ga rabon da ya fi muhimmanci a wurin Bahaushe ba na kama ba ne, na matsayi ne. Akwai ciwon da ke zuwa ya wuce, mutum yana nan da sunansa. Ba a kiran kowa da sunan ƙazuwar da ya taɓa yi yana yaro. Akwai kuma ciwon da ke sauya wa mutum suna har ya mutu: wanda kuturta ta kama ya zama kuturu, wanda agana ta bari da rai ya zama mai zanzana, in kuma ta taɓa idanu ya zama makaho. Wannan rukuni na biyu shi ne ya shiga karin magana da fiƙihu da bori. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaure, kamar Risala, sun lissafa kuturta da albaras cikin aibobin da ke ba ɗaya daga cikin ma'aurata zaɓin warware aure. A bori akwai iska mai suna Kuturu, wanda in ya hau mutum sai ya dunƙule yatsu ya zauna zaman masu cutar. Tremearne, a littafinsa na 1914 a kan bori, ya ambaci wani rukunin iskoki da ake danganta wa agana.

Game da asalin ciwo, ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne abin da ya bayyana a fata daga ciki ya taso. Dauɗar ciki ce, ko zafi, ko yawan maiƙo da zaƙi, ko mataccen jini, suke neman hanyar fita. Saboda haka ba a ɗaukar fitowar ƙuraje a matsayin mugun abu koyaushe. Tsoron da uwa take yi idan ɗanta ya kamu da ƙyanda shi ne kada ƙurajen su ƙi fesowa. Wannan fahimta ce ta sa maganin fata a gargajiyance ya kasu biyu, na sha domin wanke ciki, da na shafawa domin lallashin waje. Kuturta kuwa an ba ta dalilai na daban: gado, da sammu, da rantsuwa da Alƙur'ani a kan ƙarya. Karin maganar nan da ke cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa ta tattara kuskure da gaskiya wuri ɗaya. Kuskuren shi ne ɗaukar cutar a matsayin gado. Gaskiyar kuma ita ce an lura cewa tana kama waɗanda suka daɗe a gida ɗaya da mai ita, kuma tana yin shekaru a jiki kafin ta nuna kanta, abin da binciken likitoci ya tabbatar daga baya, domin takan yi kimanin shekara 5, wani lokaci har 20, tana kwance.

3.0 Masu Kula da Fata da Gashi Kafin Zuwan Turawa

Asibitin farko na ƙananan cututtukan fata shi ne tsakar gida. Tsofaffin mata su ne suka san ganyen da za a dafa a yi wa yaro wanka da shi, da sassaƙen da za a daka a kwaɓa da man shanu. Man kaɗe da man shanu da alayyadi su ne makaman hunturu, lokacin da iska ke busar da fata har leɓe da dunduniya su tsage. Ana goge kaushi da dutse, a cika faso da mai, a wanke jiki da sabulun salo wanda aka dafa da toka da mai. Lalle bai tsaya ga ado ba, yana sanyaya tafin ƙafa yana kuma ƙarfafa shi. Ga gashi kuwa akwai karkashi da ganyen magarya, waɗanda yauƙinsu da kumfarsu ke wanke kai ba tare da sun busar da shi ba. Dalziel, wanda likita ne a gwamnatin Arewa, ya tattara sunayen irin waɗannan tsirrai a littafinsa na 1916, ya kuma faɗaɗa bayanin amfaninsu a 1937.

A nan ya kamata a yi hattara da kalmar gargajiya. Itacen da a yau ya fi kowane suna wajen wankan ƙuraje, wato darbejiya ko dogon yaro, baƙo ne daga Indiya. A 1928 aka fara dasa shi a Lardin Barno, daga nan ya bazu. Ke nan kakannin da suka ga jihadi ba su san shi ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne maganin gida bai taɓa zama rufaffen kundi ba, yana karɓar duk abin da aka gwada aka ga ya yi.

Bayan gida sai wanzami. Shi ne mai aski, kuma aski a ƙasar Hausa ya fi gyaran kai zurfi, tun da da shi ake karɓar jariri ranar suna. Askin ƙwal-kwabo da maza suka saba yi ya rage musu ƙwarƙwata ƙwarai, ya kuma bayyana duk wani tabo da ke fatar kai tun yana ƙarami. Wanzami ne ke sakiyar maruru idan ya nuna, shi ke kafa ƙaho ya zuƙe jinin da ake zargi, shi ke yin tsaga a kan kumburi. Sana'ar tana da shugabanta, Sarkin Aska, kuma ta bi Hausawa duk inda fatauci ya kai su, har zangon Kumasi da Sabon Ibadan. Amma askar da ke zabira guda ce ga kowa. Ta sauka daga kan yaro mai makero ta hau kan na kusa da shi, ba abin da ya shiga tsakani sai fatar wasawa. Babu wanda ya san haka a lokacin, don haka ba laifi ba ne, amma hanya ce da cutar ta daɗe tana bi.

Mata kuwa makitsiya ce wanzaminsu. Ita ce ke ganin fatar kan mace tsaga bayan tsaga, ita ke fara ganin ƙwan ƙwarƙwata da amosani, kuma zaman kitso shi ne lokacin da ake shafe kai da mai. Tsofaffin salon kitso irin su doka sukan daɗe a ka ba a tsefe ba, abin da ke ba ƙwarƙwata mafaka.

Malamai ma ba a bar su a baya ba. Shugabannin jihadi sun yi rubuce-rubuce a kan magani, musamman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Daga cikin abin da ya rubuta akwai risala a kan ciwon ido, da wata a kan basir, da wata a kan wanke ciki da filasko. Wannan ta ƙarshe ta yi daidai da ra'ayin da aka ambata a baya, cewa gyaran waje daga ciki yake farawa.

4.0 Manyan Cututtuka a Hannun Hukuma

4.1 Kuturta

Kafin mulkin mallaka, biranen Hausa ba su kori kutare zuwa daji ba. Sun ba su unguwa, suka naɗa musu Sarkin Kutare da ke sasanta su yana kuma wakiltarsu a fada, aka bar musu ƙofar masallaci da bakin kasuwa domin sadaka. Suna aure, suna haihuwa, wasunsu suna da dukiya, shi ya sa ake cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Likita Tonkin, wanda ya rako Robinson zuwa Kano a 1894, ya yi rubutu a kan yawan masu cutar da yadda suke cuɗanya da sauran jama'a. Wannan tsari yana da tausayi a cikinsa, amma ba shi da warkarwa. Ya ba kuturu wurin zama ne a matsayinsa na kuturu, har abada.

Turawa sun zo da wani sani na daban. Tun 1873 Hansen ya gano ƙwayar cutar a ƙasar Norwe, don haka a wurinsu cuta ce mai yaɗuwa, maganinta kuma keɓewa. Abin da ba su zo da shi ba shi ne magani mai aiki. Abin da ke hannunsu shi ne man wani itace na ƙasashen Indiya da ake yi wa majiyyaci allurarsa a fata, allura mai zafi wadda amfaninta bai taka kara ya karya ba. An kafa ƙungiyar taimakon kutare ta daular Ingila a 1924, 'yan mishan suka buɗe sansani a Garkiɗa a 1929, hukumomin En'e kuma suka kafa nasu. A ƙarshen shekarun 1930 aka miƙa ragamar sansanonin lardunan Kano da Katsina da Sakkwato ga mishan ta SIM, wato Yadakunya, wadda Kanawa suka fi sani da Asibitin Bela, da Babbar Ruga, da Amanawa.

Wannan miƙawa tana da nauyi a tarihin siyasar Arewa. Shekara da shekaru gwamnatin mallaka tana taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai ga shi kuturta ta buɗe ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa. Sarakuna sun yarda ne saboda buƙatar magani, 'yan mishan kuma ba su ɓoye cewa suna da wata manufa bayan magani ba. A waɗannan sansanoni aka raba jarirai da iyayensu mata domin kare su, aka koya wa majiyyata karatun boko da aikin jinya, wasu suka sauya addini, da yawa kuma suka koma gida da addininsu da sabuwar sana'a. Sunan Yadakunya kansa ya faɗi abin da ake nema daga mai shiga: ya yar da kunya ya fito a gan shi.

Maganin gaskiya daga kudu ya hauro. A sansanin kutare na Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yanzu, Likita John Lowe ya gwada ba da ƙwayar dafson ta baki a ƙarshen shekarun 1940. A da ana ganin dafinta ya fi ƙarfin ɗan'adam, shi kuma ya nuna cewa idan aka rage yawanta tana aiki ba tare da ta yi kisa ba, aka buga sakamakon a 1950. Ƙwaya ce mai araha wadda ba ta buƙatar allura ko gado. Nan take ma'anar keɓewa ta fara rushewa. A farkon shekarun 1950 Likita Ross ya shimfiɗa tsarin ba da ita a Jihar Arewa ta hanyar ƙananan wuraren sha-ka-tafi, inda malamin kutare kan zo mako-mako, a disfensare ko a gindin itace, dubban mutane su haɗiya su koma gonakinsu. A Uzuakolin dai Likita Stanley Browne ya gwada kulofazimin a farkon shekarun 1960. Da ƙwayar cutar ta fara jure wa dafson, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a riƙa haɗa shi da rifamfisin da kulofazimin. Biyu daga cikin magungunan uku ke nan a ƙasar nan aka tabbatar da amfaninsu, abin da ba kasafai littattafan makarantu ke ambata ba.

Nijeriya ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, da cibiyar horarwa a Saye kusa da Zariya. A 1998 ta kai mizanin da aka gindaya, wato ƙasa da mutum 1 cikin 10,000. Wannan ba ya nufin cutar ta ƙare, domin a 2022 da 2023 an ci gaba da samun sababbin masu ita sama da 2,000 a shekara. Magani kyauta ne, na wata 6 ko 12, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Abin da ya rage shi ne jinkiri. Alamar farko tabo ce mai haske wadda ba ta ƙaiƙayi, ba ta kuma jin taɓi, kuma saboda ba ta ciwo sai a ɗauke ta ƙyasbi, a yi ta shafa mata mai har jijiyoyi su mutu. Cutar ba ta cin yatsu kamar yadda ake zato. Rashin jin zafi ne ke sa ƙuna da sartse su zama gyambo, gyambo ya cinye ƙashi.

4.2 Agana

Labarin agana ya fi gajarta, ya kuma fi kyakkyawan ƙarshe. Gwamnatin mallaka ta yi ta yin lamba, amma ruwan lambar kan lalace da zafi kafin ya kai ƙauye, jama'a kuma sukan ɓoye 'ya'yansu idan suka ji 'yan lamba ko duba-gari sun shigo. Sai a 1967 aka fara gangamin gamawa da ita a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da busasshen ruwan lamba mai jure zafi, da bindigar allura da ke yi wa ɗaruruwa cikin awa guda. Hakimai da dagatai ne suka tara jama'a. A nan ma darasi daga kudu ya fito: a Lardin Ogoja, cikin Disamban 1966, ruwan lamba ya yi wa Likita William Foege ƙaranci, sai ya bi sawun masu cutar ya yi wa waɗanda ke kewaye da su kaɗai, annobar kuma ta mutu. Wannan dabara ce aka ɗauka a duniya baki ɗaya. An ga agana ta ƙarshe a Nijeriya a 1970, ta ƙarshe da ta kama mutum ta hanyar yaɗuwa a cikin jama'a a Somaliya a 1977, aka kuma yi shelar ƙarewarta a 1980. Tabon da ake gani a damtsen yaran yau na rigakafin tarin fuka ne. Kalmar zanzana kuwa ta kusa zama ta ƙamus.

5.0 Cututtukan da Aka Bari a Gida

Babu wani gangami makamancin wannan da aka taɓa yi domin ƙazuwa ko makero, alhali su ne suka fi cika gidaje da makarantun allo da na kwana da gidajen yari, daga baya kuma da sansanonin 'yan gudun hijira na Arewa maso Gabas. Dalilin a fili yake: ba sa kisa a gaban ido, ba sa tsallaka teku, masu fama da su kuma yara ne da talakawa.

Abin takaicin shi ne sanin asalinsu da maganinsu ya daɗe. Tun 1687 wasu masana biyu a Italiya, Bonomo da Cestoni, suka nuna cewa ƙazuwa aikin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ke haƙa rami a fata yana ƙwai. Ba dauɗar ciki ba ce, don haka filasko ba ya kai gare ta. Farar wuta da aka kwaɓa da mai, wadda masu magani suka daɗe da sani, tana kashe ƙwaron, haka ma ruwan benzil benzowet da disfensarori suka riƙa bayarwa. Amma ko wanne aka yi amfani da shi, sharaɗin ɗaya ne: a shafe jiki duka daga wuya zuwa ƙafa, a yi wa duk masu kwana wuri ɗaya a rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana. Wannan sharaɗi ne ya gagara. Uwa takan kawo yaron da ya fi susa, a ba shi magani, ya koma tabarmar da 'yan'uwansa ke kwance, bayan mako kaɗan ta dawo masa, sai a ce maganin asibiti ba ya jin ƙazuwa. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, sunan da ya dace da ita.

Makero na ka shi ma haka. Ƙwayarsa dangin fumfuna ce, tana shiga cikin silin gashi har saiwa, inda man shafawa ba ya isa. A 1958 aka tabbatar da cewa ƙwayar girisiyofulbin da ake sha tana warkar da shi, amma sai an yi mako 6 zuwa 8 ana sha. Iyaye da yawa ba su ji wannan bayani ba, don haka aka ci gaba da kankare kan yaro da reza ana goga masa abubuwa masu zafi, wanda sau da yawa kan bar tabon da gashi ba ya sake tsirowa a kai. Da injin aski ya maye gurbin aska a birane, cutar ba ta rasa abin hawa ba. Tsoron cutar ƙanjamau daga ƙarshen shekarun 1980 ne ya koya wa mutane zuwa wurin aski da rezarsu, ko neman a ƙona bakin inji, makero kuma ya ragu a inda aka kiyaye hakan ba don shi aka yi ba.

6.0 Kemis, Kanti da Man Bilicin

Giɓin da hukuma ta bari kasuwa ce ta cike shi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kantunan Turawa suka biyo shi da sabulun kanti da hoda da basilin. Waɗannan ba su kori man kaɗe ba, amma sun sauke shi daga matsayinsa, ya zama man ƙauye. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, asibitocin gwamnati suka koma rubuta magani a saya a waje, sai mai kemis ya zama likitan fata na unguwa. Abin da ya fi miƙawa shi ne ɗan bututun mai da ya haɗa magani uku, ciki har da sitiroyid. Sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa ake yaba shi, amma yana raunana tsaron fata, sai makero ya faɗaɗa a ƙarƙashinsa ya sauya kama har likita ya kasa gane shi. An kuma lura da wani abu: inda aka daɗe ana shafa shi, wurin yakan yi haske.

Son farar fata bai fara da kanti ba. Hausa ta daɗe da kirarin farar mace alkyabbar mata, ko da yake ta kuma san darajar baƙa da wankan tarwaɗa. Gyaran amarya da lalle da kurkum tsoho ne, dilka da halawa kuma sun shigo daga Sudan ta hanyar matan Barno. Bambancin shi ne waɗannan suna goge fata ne su sa ta sheƙi, ba sa taɓa launin da aka halicce ta da shi. Mayukan da aka fara tallatawa a mujallun Legas a shekarun 1960 da 1970 su ne suka taɓa shi, har Fela ya yi musu waƙar zambo a 1976. Sinadaran da ke cikinsu uku ne: zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, haidirokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai kauri a kumatu, kamar yadda likitoci suka bayyana a Afirka ta Kudu a 1975, da sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke sirantar da fata, ya tsattsaga ta, ya hana rauni haɗewa, har ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Bahaushe ya ari kalmar ya ce bilicin.

An kafa hukumar NAFDAC a 1993, ta yi dokokin hana waɗannan sinadarai a kayan shafa, a 2023 kuma, a wani taro a Kano, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa. Adadin da aka fi yawan ambata, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna bilicin, yana buƙatar taka-tsantsan, domin asalinsa bincike ne da aka buga a 2002 a kan 'yan kasuwa a Legas, maza da mata, ba ƙidayar ƙasa ba. Amma ko da an rage shi, abin da ake gani a gidajen biki da ɗakunan haihuwa ya isa shaida, musamman tun da sana'ar ta koma hannun masu haɗi, waɗanda ke zuba mayuka da yawa cikin roba marar suna, har a shafa wa jarirai.

Gashi da lalle ma sun bi wannan hanya. Man miƙar da gashi da ya yaɗu tun shekarun 1980 yana ɗauke da sinadari mai ƙuna, wanda kan sale fatar kai idan ya daɗe. Ƙananan kitso masu tsauri da ƙarin gashi mai nauyi suna jan saiwa, sai goshi ya riƙa ja da baya. Idan aka sassauta da wuri gashin kan dawo, idan aka shekara ana ja kuwa saiwar ta mutu, babu man da zai tayar da ita. Baƙin lalle da ya maye gurbin jan ƙunshi a bukukuwa ba lalle ba ne, rinin gashi ne, kuma wasu matan fatarsu kan tashi ta yi bororo daidai da zanen furen da aka yi musu. Wadda hakan ya taɓa samu, jikinta ya riga ya gane sinadarin, kuma duk ranar da ta sake kusantarsa, ko a hannu ko a ka, tashin na biyu yakan fi na farko muni.